Tun ran gini: yadda ake fitar da awon garejin gida ga mai son taɓa motarsa da kansa

Yayana ya gina gidansa a Gesse, cikin Birnin Kebbi, a lokacin da yake hawa Peugeot 406. Da aka zo kan gareji, magini ya sa tef ya auna motar, ya ƙara ɗan abin da idonsa ya ce ya isa, aka kafa turaku aka ja igiya. Mota ta shiga, ƙofa ta rufu, kowa ya yi hamdala. Bayan 'yan shekaru Allah ya hore masa Hilux. Ranar da ya kawo ta gida ya tura ta har bamba ta taɓo bango, amma gindinta na waje yana shan iska. Maigadinsa, wani dattijo mutumin Argungu, ya kewaya motar sau ɗaya ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki ba shi ɗaukar wagga mota. Ko dai a rage motar, ko a ƙara ɗakin."

Kalmar gareji a bakinmu abu biyu take nufi: ɗakin da mota ke kwana a gida, da kuma filin da kanikawa ke aiki a bakin titi. Mutumin da nake wa wannan bayani so yake ya haɗa biyun a gidansa. Shi ne wanda ranar Asabar ba ya jin daɗi sai ya buɗe bonet, ya yi wa motarsa juye da hannunsa, ya canza fulogi, ya duba birki, ya wanke lagireto. Wanda kawai yake neman inda mota za ta ɓuya wa rana, rumfar kwano ta ishe shi. Shi wannan ɗakin aiki yake buƙata, kuma ɗakin aiki ana auna shi ne da mutumin da zai tsuguna a gefen motar, da ƙofofinta a buɗe, da kayan aikinsa, da kuma motar da bai saya ba tukuna.

Motocin da ke yawo a titunanmu ba kansu ɗaya ba. Ƙaramar Golf 3, irin wadda ke jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Jega, tsawonta mita 4 ne da ɗoriya, faɗinta mita 1.7. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana kai mita 4.5, 406 ɗin yayana kuma ta ɗara ta da kaɗan. Camry ta 2007 zuwa 2011 mita 4.8 ce a tsawo, 1.8 a faɗi. Sienna ta haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2. Hilux mai ƙofa huɗu ta wannan zamani mita 5.3 ce, faɗinta 1.85. Tsakanin Golf da Hilux ke nan akwai sama da ƙafa huɗu, kuma duk alƙaluman nan na faɗi ba su haɗa da madubai ba. Shawarata ga duk mai gini a Kebbi ita ce ya auna da Hilux ko da Corolla yake hawa. Gida yana shekara talatin ko arba'in a hannun mutum, mota kuwa in ta daɗe ta yi goma. Kuma a jihar da ma'aikata da yawa ke da 'yar gonar shinkafa a fadama, a-kori-kura ba ta yi wa kowa nisa ba.

Faɗi ne ya fi cin mutane, domin ido yana ruɗuwa a kansa. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motocinmu a hagu yake, saboda haka in ka shiga da gaba, bangon hagu ne ƙofar direba za ta riƙa duka. Ƙofar gaba in ta buɗe duka tana cin kusan santimita 90. Da santimita 60 mutum zai iya matsowa ya fito a karkace, amma a gwada haka ranar Juma'a da malum-malum mai sitaci a jiki, a ga yadda za ta kaya tsakanin rigar da ƙurar jikin mota. Wannan fitowa ce kawai. Aiki ya fi haka neman wuri. Mai cire taya sai ya tsuguna, ya sa sifana mai dogon hannu, wani lokaci ya taka ta da ƙafa. Hannun babban jek mai tayoyi shi kaɗai ya kai mita ɗaya. In za a zare shaf, wato ƙarfen da ke juya taya, ta gefen taya ake jawo shi waje. Duk abin da bai kai mita ɗaya ba a kowane gefe, wahala ce. To a haɗa: mota 1.85, mita ɗaya hagu, mita ɗaya dama, an sami 3.85. A ƙara kantar ajiye galan-galan na mai da akwatin sifanu a jikin bango ɗaya, mai zurfin santimita 50 zuwa 60. An tashi a mita 4.5, wato ƙafa 15 a harshen magina.

Tsawo ma haka ake tara shi. Mita 5.3 na mota. Santimita 60 a baya, don a iya gittawa bayan an rufe ƙofa. Mita ɗaya a gaba, inda mutum zai tsaya ya sunkuya cikin injin, inda kuma za a sauke batir ko lagireto a ajiye ƙasa. Sai teburin aiki a jikin bangon ƙurya, santimita 60. Jimla mita 7.5, ƙafa 25. Ƙafa 15 da 25 ke nan ga mota ɗaya da mai aiki a kanta. Wanda ajiya kawai zai yi, ƙafa 12 da 20 ta ishe shi, Hilux ma za ta kwana ciki, sai dai ba a buɗe bonet a yi wani abin kirki a nan.

A daidai nan akwai tarko. In magini ya ce maka "sha biyu da ashirin", ka tambaye shi: ciki ko waje? Sau da yawa daga bayan bango zuwa bayan bango yake nufi. Bulo mai inci 9 kaurinsa santimita 22.5 ne. Bango biyu sun ci 45, filasta ta cika shi kusan 50. Ƙafa 12 ta waje, wadda take mita 3.66, ta koma mita 3.16 a ciki, in kuma an fito da ginshiƙi a bakin ƙofa ya sake lashe wani abu. Ta nan garejin yayana ya mutu: a ƙafa 17 aka ja igiya, ta waje, cikinsa bai cika mita 5 ba.

Na san zancen kuɗi ne a ran mai karatu. Farashin siminti na yau ba shi ne na jibi ba, amma kaya suna ƙirguwa. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Kankare mai haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhu shida da 'yan kai a kowace kubik mita. Garejin ƙafa 15 da 25 mai tsayin mita 3 zai ci bulo wajen 700 ban da na fandisho, daɓensa mai kaurin santimita 10 kuma buhu 21 ko 22. Yanzu a ce ana ja-in-ja tsakanin faɗin mita 3.5 da 4.5. Wannan mita ɗayan abin da zai ƙara shi ne bulo kamar 60, siminti kamar buhu biyar na daɓe, da 'yan fallayen kwano da katako. Wanda ya ƙi biyan wannan ran gini, ranar da zai faɗaɗa sai ya rushe bango guda, ya kwance rufi, ya sake haƙa fandisho. In aljihu bai kai ba, ni dai gara a zuba daɓe cikakke, a tsayar da ginshiƙai, a rufa kwano, bango ya jira wata kakar.

Masu son mota biyu su tuna da girman fili. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 da 100 ne. Gareji mai ƙafa 15 ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar gida, na mota biyu kafaɗa da kafaɗa kuwa yana neman ƙafa 24, kusan rabi. A irin wannan fili gara a jera su gaba da baya: ɗakin aiki a ƙurya, rumfa a gabansa, wadda ake hawa kullum ta kwana a rumfar. Babura kuma, waɗanda da wuya gida ya rasa, a ware musu kusurwarsu tun a zane, in ba haka ba su ne za su cinye mita ɗayan nan da aka sha wuya aka samo.

Magina sun saba zagaye gida da linta a tsayi ɗaya, ƙafa 7, wato mita 2.1, daidai kan ƙofofin ɗakuna, sai su bi da gareji a haka. Tsayin Prado ya kusa mita 1.9, a ɗora mata kariyar ɗaukar kaya a sama an zo wuya. Hiace mai dogon kai ta kusa mita 2.3, ba ta shiga sam. A ɗaga bakin ƙofar gareji zuwa ƙafa 8 ko 9, faɗinta kuma ƙafa 10, don madubai biyu suna ƙara wa mota kusan ƙafa guda. Ƙofa mai ƙyaure biyu ita ce kowane mai walda ke iya gyarawa, amma kowane ƙyaure yana neman sararin mita ɗaya da rabi kafin ya buɗe. Mai turawa gefe kan layin ƙarfe take gudu a ƙasa, yashin Birnin Kebbi kuwa ba ya barin layin nan ya huta. Mai naɗewa sama irin ta shaguna ba ta cin fili, sai dai naɗin yana ɗauke sama da ƙafa guda a saman ƙofa, a lissafa da shi.

Duk awon nan na ciki banza ne in mota ba ta iya isowa bakin ƙofar a miƙe. Mota ba ta karya kwana kamar mutum. Corolla sai ta yi da'ira mai faɗin kusan mita 11 kafin ta juyo inda ta fito, Hilux sama da 12. Don a karyo daga layi a shige gareji tashi ɗaya, ana son sarari kamar mita 6 a gaban ƙofa. A sababbin unguwanni inda layuka ke da faɗi ba damuwa. A cikin tsohon gari kuwa, inda lungu ke matsewa, ga dakali ga turken wutar lantarki, sai dai a ja garejin ciki, a faɗaɗa get zuwa ƙafa 12 ko 14 don motar ta shigo a karkace ta miƙe a farfajiya. Sai maganar gangare. Ana ɗaga daɓen gida sama da titi saboda ruwa, wannan daidai ne, amma sai a haɗa su da wani guntun tudu kamar hawan dutse. Cikin Camry bai fi santimita 15 daga ƙasa ba, kullum sai bamba ta karce ko salansa ta daki siminti. Duk santimita 10 na tashi a ba shi aƙalla santimita 80 na tsawo. In gida ya fi titi da ƙafa ɗaya, gangaren ya zama ƙafa takwas, kuma a cikin filinka za ka samo su, kada a toshe lambatu ko a ci hanyar jama'a. Hukumar raya birane ta jiha, KUDA, ita ke duba zanen gini a Birnin Kebbi, kuma gareji da mashigarsa su fito a zanen tun farko.

Ina garejin zai fuskanta? Tsofaffin maginan ƙasa sun san amsar tun siminti bai zo ba: hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa. Ƙofar da ta kalli gabas, ruwan farkon damina da iskarsa za su shigo har kan teburin aiki. Wadda ta kalli yamma za ta sha ranar la'asar, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, ƙyauren ƙarfe tanderu yake komawa. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas suke busowa. Kudu ce ta fi lafiya. Sai dai sau da yawa titi ne ke zaɓa wa mai gida, don haka in dole ta sa an kalli gabas ko yamma, a fito da rumfa mita biyu a gaban ƙofa. Dogon yaro guda a yammacin ginin yana aikin da fanka uku ba su yi, amma a nisanta shi da fandisho saboda saiwa.

Zafi da ƙura buƙatunsu sun saɓa, ɗaya na so a buɗe, ɗaya na so a rufe. Bulo mai huda da ake jerawa don shan iska yana sanyaya ɗaki da bazara, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne mashigar ƙura, kuma ƙura a kan injin da aka buɗe guba ce. 'Yar ƙasa kaɗan in ta shiga inda mai ke zagayawa, ta riƙa cin ƙarfe ke nan. Abin da na ga ya yi aiki shi ne dogayen tagogi a can sama ƙarƙashin rufi, a bangon kudu da na yamma, masu raga da murfin da ake sakewa in hunturu ya kama, sannan 'yan kafofi biyu a ƙasa kusa da daɓe. Rufi ya kai mita 3, kuma a yi silin, domin kwano tsirara da tsakar rana gasa mutum yake, ya haɗa da batir da robobin mota. A ɗaure katakon rufi da langa-langa a cikin bango. Gareji mai babbar ƙofa a buɗe, in guguwar farkon damina ta shige shi, ta ƙasa take ɗaga kwanon.

Mota a tsaye ba ta wahalar da daɓe, nauyinta ya rabu kan tayoyi huɗu. Jek ne ke fasa shi, domin yana tara kusan rabin nauyin motar a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. Don haka a yi ciko da jar ƙasa, a jiƙa ta a daddaɓe sosai, a shimfiɗa leda, a sa ragar ƙarfe, a zuba kankare santimita 10 cif, ba irin ɗan shafen da ake yi wa ɗakin kwana ba. A yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai, musamman da rani da rana ke shanye shi kafin ya kama, kuma kada a ɗora masa jek sai ya cika kwana 28. Tayil a gareji adon wata ɗaya ne: sifana ta faɗi ya tsage, mai ya zuba ya koma santsi. Intalok yana shan baƙin mai, tayoyin jek suna maƙalewa a tsakaninsa, ƙaramin noti in ya faɗa sai an yi ta lalube. Siminti mai laushin fuska ya fi su duka. A karkata shi zuwa ƙofa da santimita ɗaya a kowace mita don ruwa ya fita. In ya wuce haka sandar duba mai za ta riƙa yi maka ƙarya, motar da aka ɗage ma ba ta zama daram.

Ga maganar da masu son mota suka fi musu a kanta: a haƙa ramin shiga ƙarƙashin mota ko kada a haƙa? Injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu na fitar da shi daga lissafi, don yana son rufi mai tsayin ƙafa 12, daɓe mai kaurin santimita 15, da wutar da ba ta wasa. Rami shi ne namu. Faɗinsa santimita 80 zuwa 90, yadda ko ƙaramar mota ta haye shi tayoyinta za su sami wurin taka. Zurfi kamar mita ɗaya da rabi, gwargwadon tsayin mai shi. Tsawo mita uku zuwa huɗu, da matakala a ɓangaren da mota ba ta rufewa. Amfaninsa a fili yake wajen juye da aikin salansa da giyabos. Amma ni ina da ja a kansa. Gidan da ke kusa da fadama, ko a Birnin Kebbi, ko Argungu, ko Yauri a bakin kogin Neja, ruwan ƙasa yana tasowa da tsakiyar damina, rami ya koma rijiya, sauro ya sami gida. Kunama da maciji suna son sanyinsa. Yaro mai rarrafe da ragon layya ba su san da shi ba. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa ya taru a wuri mafi zurfi. Mutum ya sauka da sigari a baki ko fitila mai tartsatsi, sai dai wani ba shi ba. Wanda ya dage sai ya yi, ya gina shi da bulon da aka cika da kankare, ya yi masa filasta mai hana ruwa, ya rufe shi da katako mai kaurin inci 2 duk lokacin da ba a aiki. Ga mafi yawanmu, jek mai kyau da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota sun wadatar. Abin da ba a yi shi ne shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulo. Bulo mai rami a ciki ba ya sallama, lokaci ɗaya yake rugujewa.

'Yan kafofin nan na kusa da daɓe saboda tururin fetur aka yi su. Gas ɗin girki ma halinsu ɗaya, ƙasa yake kwanciya. Gas ɗin CNG kuwa, wanda ake ta maganar mayar da motoci kansa tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya fi iska sauƙi, sama yake tashi ya taru ƙarƙashin silin, nan ne tagogin sama ke aiki. Ajiye fetur a jarka ɗabi'a ce da wahalar mai ta koya mana, to a yi wa jarkokin ɗan akurkinsu a waje, mai inuwa da shan iska, nesa da inda ake walda ko goge ƙarfe. Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda su zauna a bakin ƙofa, inda hannu zai kai gare su daga waje. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake.

Hayaƙi ya fi wuta ba ni tsoro, don wuta ana ganinta. Muna da al'adar tayar da mota da asuba a bar ta tana ɗumi, mai ita ya koma ciki ya shirya, ƙofar gareji a rufe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Da ciwon kai da jiri take farawa, sai barci, kuma akwai waɗanda ba su farka ba. Irin wannan hayaƙin janareta ke fitarwa, wanda mutane ke turawa cikin gareji don gudun ɓarayi da ruwan sama. A yi wa janareta kejinsa na ƙarfe a waje. Kada gareji ya haɗa taga ko kafar iska da ɗakin kwana. A kuma tuna cewa da sanyin hunturu maigadi da yaran gida sukan lallaɓa su kwana a nan. Batiran inbata masu ruwa, in a garejin za su zauna, su ma suna fitar da iska mai kama wuta yayin caji, a raba su da wurin tartsatsi.

Fitila ɗaya a tsakiyar silin rufin mota take haskawa, kai kuma kana gefe cikin inuwa, in an ɗaga bonet ya tare sauran hasken. A jera fitilu a gefe biyu, a sa wasu a kusurwoyin gaba suna kallon injin, a shafa wa bango farin fenti. Soket a ɗaga su zuwa mita 1.2, daidai saman teburi, kan waya mai girman murabba'in milimita 2.5. Kwamfuresa da injin walda a ja musu layinsu daban da waya mafi kauri da nasu makashin wuta. Kwamfuresa a lokacin tashi tana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ci in ta kama gudu, shi ya sa ƙaramar inbata ke ɗaukewa da an kunna ta.

Gareji wurin baƙi ne ko mai gida bai shirya ba. Abokai za su zo kallo, bakanike zai zo in aiki ya gagara, da yaronsa riƙe da akwati. A sa shi kusa da get ko zaure, da 'yar ƙofarsa ta mutum ɗaya, yadda ba sai an ratsa cikin gida ba, ba kuma sai an buɗe babbar ƙofa don ɗauko filaya ba. Sifanu a yi musu akwati mai kwaɗo. Ba ɓarawo nake ji ba, maƙwabcin da ke cewa "aro mini lamba goma sha biyu, yanzu zan dawo da ita" nake ji. Baƙin man juye a tara shi a jarka, kafintoci suna karɓa su shafa wa katakon rufi saboda gara. Kada a zuba shi a lambatu ko kusa da rijiya.

Abu na ƙarshe da ke cinye gareji a Kebbi ba shi da alaƙa da mota. Da kaka ta yi, buhunan shanshera za su iso daga gona, ga gero, ga albasar da aka yi tsaraba daga Aliero, a ce a jingine su a gareji na kwana biyu. Kwana biyun nan sai su kai wata shida. Inda hatsi ya sauka ɓera ya sauka, kuma ɓera ba abin da yake so kamar ɗumin injin: ya yi sheƙa a gidan matatar iska, ya gwaguye wayoyi, motar zamani mai kwamfuta ta wayi gari tana kunna fitilun da ba wanda ya san kansu. Mai gona ya zana sito daban tun farko, ko da ƙafa 8 da 10 ne, kuma kada ya haɗa ƙofa da garejin.

Kafin a haƙa fandisho, ka kai motar filin, in da hali ka aro Hilux ɗin wani. Ka tsayar da ita inda kake so ta riƙa kwana, ka buɗe ƙofofi huɗu da bonet da but, ka tsuguna a gefen kowace taya kamar za ka cire ta, wani ya bi bayanka da toka yana zanawa. Layin tokar nan shi ne cikin bango, ka nuna wa magini da yatsa ka ce bulo daga bayansa zai fara. Sannan ka kafa sanduna biyu a matsayin ƙofa, ka shiga ka fita daga titi sau uku, da gaba da ribas, ka ba wanda ya fi kowa rashin iya tuƙi a gidan shi ma ya gwada.

Yayana bai rushe nasa ba. Shanshera ce a ciki yanzu har kusa da silin. Hilux tana kwana a rumfar kwano da mai walda ya kafa mata a farfajiya, ni kuma ranar Asabar in na je yi mata juye, sai na jira inuwar katanga ta sauko bayan la'asar.